Yadda Na Kai Ruwan Naraguta Jamus

Mutum na farko da ya yi mini magana a ƙasar Jamus ma'aikacin kwastan ne, kuma ba barka da zuwa ya yi mini ba. Ya zuge akwatina, ya ture zannuwana gefe, ya zaro wata 'yar kwalba ya ɗaga ta saitin fitila. Ruwan ciki ja-ja ne, ga ɗan laka kwance a gindi.

"Mene ne wannan?" ya tambaye ni da Turanci.

"Ruwa."

"Na ga ruwa ne. Muna da ruwa a ƙasar nan."

Na ce, "Ba ku da irin wannan."

Sunana Kaneng. A Daɗin Kowa aka haife ni, a Jos na yi karatu, na kuma yi shekara bakwai ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje kafin in sami gurbin digiri na uku a wani gari na bakin teku a arewacin Jamus. Kwalabe shida na taho da su. Da hannuna na ɗebo su daga tsofaffin kududdufan kuza na Naraguta, waɗanda masu haƙar ma'adinai suka tona suka tafi suka bar mana. Da wannan ruwa ake noman rani, kabeji da karas da latas. Abin da ya raba ni da gida shi ne in ga me ke yawo a cikinsa wanda ido ba ya kamawa.

Na miƙa wa mutumin takardun izini. Ya juya su gaba da baya ya ce akwai hatimin da babu. Ko dai in bar kwalaben a zubar in je in kama jirgin ƙasan da zan hau, ko in jira shugabarsu, wadda shi ma bai san lokacin zuwanta ba. Daga yadda ya faɗa na san ya riga ya zaɓar mini. Sai na ja kujera na zauna. Jirgina ya tafi, na bayansa ma ya tafi. Awa biyar ina zaune, ba ci ba sha, ina kallon kwalabena a kan teburinsa. Da matar ta iso, a tsaye ta karanta takardun, ta ce ai tun farko ba abin da ya rage. Ban yi godiya ba. Na naɗe kwalabena cikin zani na wuce.

Mu mutanen Jos muna taƙama da sanyi. In baƙo ya zo daga Kano yana rawar ɗari, dariya muke yi masa. Ranar da na sauka a tashar garin nan na gane sanyinmu ƙanin sanyi ne. Iskar teku ta ratsa rigar sanyin da na saya a gwanjon Katako kamar ba na sanye da komai.

A haka na ja akwati zuwa gidan da na kama ɗaki. Wata biyu muna musayar saƙo da mai gidan, har hoton gadon ya turo mini. Ya buɗe ƙofa, ya dube ni daga ɗankwali har takalmi, ya ce, "An riga an bayar."

Na nuna masa takardar da ke manne a tagarsa, wadda ke cewa akwai ɗaki. Ya shiga ciki, ya ɓare ta ina kallo, ya rufe ƙofa. Na matsa bakin ƙofar na ce masa da Hausa, da ƙarfi, "Allah ya isa!" Bai ji ba, amma ni na ji, kuma na ɗan sami sauƙi.

Ba inda na sani sai cibiyar da zan yi karatu. Ranar Juma'a ce da yamma, kowa ya tashi, sai wata mata mai furfura da gajeren gashi tana wanke hannu.

"Ke ce mai ruwan Afirka?" ta ce.

"Najeriya. Jos."

Ta dubi akwatin, ta dubi leɓɓana da suka bushe. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce ɗanta ya yi aure ya koma kudu, ɗakinsa na nan, in zauna mako guda kafin in sami wani. Shekara uku na yi a ɗakin nan. Sunanta Ilse, ita ce mai zuba ƙananan farantan roba da ake aiki da su a cibiyar. Washegari na gaishe ta da "Mama Ilse", ta ɗaure fuska ta ce ita ba uwata ba ce, Ilse kawai. Na ce a wurinmu ba a kiran mai furfura gatsal, in ta ga dama ta kore ni. Ta girgiza kai ta tura mini burodi.

Zango na gaba shi ne ɗakin na'ura. Shugaban cibiyar, wanda kowa ke kira Farfesa, kullum yana kan hanya. Wanda aka danƙa ni a hannunsa shi ne Dokta Henrik, dogo, mai fara'a in akwai manya a kusa. Shi ke riƙe da mabuɗin babbar na'ura. Aikinsa a kan ƙurar tayar mota ne, wadda ruwan sama ke wankewa daga titi zuwa kogin garin.

Bari in bayyana na'urar yadda na bayyana wa mahaifiyata a waya. Akwai ɗan faranti na roba mai haske kamar gilashi, bai fi faɗin yatsu biyu ba. A cikinsa akwai magudanai sirara, wasu ba su kai kaurin silin gashi ba. Ana tura ruwan da ake son dubawa da sirinji a hankali, ruwa mai tsabta ya matse shi ta gefe biyu, sai duk abin da ke cikinsa ya shiga layi ɗaya bayan ɗaya, kamar motoci a shingen sojoji. A saman magudanar akwai madubi mai ƙara girma da kyamara mai ɗaukar dubban hotuna cikin daƙiƙa. Duk ƙwayar da ta wuce sai an ɗauke ta. Daga nan kwamfuta ta ware su: wannan gansakuka ce, wannan zaren leda, wannan yashi. Saitomita mai hoto ake kiranta.

Mama ta ce, "Wato fasfo ake yi wa datti."

A mako na uku Henrik ya yarda in sa ruwana. Ƙwayoyi suka fara wucewa a allo, ban gama ganinsu ba sai allon ya yi duhu. Yashi ya taru ya toshe bakin magudanar, sirinji kuwa bai daina turawa ba. Farantin ya ɓalle, jan ruwan Naraguta ya malale a kan madubin. Sai da aka yi mako biyu ana gyara.

"Wannan ba abin gwaji ba ne," in ji Henrik a taron mako, gaban kowa. "Taɓo ne."

Ya ce in tace ruwan har ya yi fari tas sannan in dawo. Na ce in na tace abin da na zo nema, me zan duba? Ya ce to ba zan ƙara taɓa na'urar ba. Ya ba ni wani aiki: in zauna gaban kwamfuta ina duba hotunan koginsa, ina koya mata wannan taya ce, wannan ba taya ba ce. Wata biyar na yi ina wannan, kwalabena biyar na cikin firji an manna musu takarda ja.

A watannin nan kewa ta kama ni sosai. Ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu. Ka shiga mota cike da mutane, ba mai cewa sannu, ba mai faɗa da kwandasta, ba ma kwandastan. Na riƙa tuna hayaniyar kasuwar Taminus, inda mutum ɗaya zai yi maka Hausa da Turanci da Burokin cikin numfashi ɗaya ya kuma taya ka ɗaukar kaya. Na yi kewar gwate mai zafi da gauta da yakuwa. Wata rana na tsaya a kanti gaban kabeji, na ga yadda aka naɗe shi cikin leda shi kaɗai, sai na ji hawaye. Kabeji fa.

Ran wata Lahadi na kira Mama bayan ta taso daga coci, na ce mata zan dawo.

"Ki dawo da me?" ta ce.

"Mama, sun hana ni na'urar."

"Ita kaɗai ce a duk ƙasar?"

"Ba ki gane ba. Ruwanmu ya yi musu nauyi, yana toshe hanya."

"Kaneng, saurara. Kakarki Ngo Chundung ta yi rabin ranta tana wankin kuza a Bukuru. Wane oga ne ya taɓa ba ta inji? Rami ta tona, ta ja ruwa, ta ɗauki ƙwarya. Da wannan ta sa ubanki a makaranta. In za ki dawo ki dawo, gida naki ne. Amma kada ki ce mini ruwa ya yi nauyi."

Na ajiye waya ina jin haushinta. Amma ramin nan ya ƙi fita daga kaina. Ina yarinya na sha bin Ngo wurin aiki. Ba kai tsaye suke sakin ruwa a 'yar kwatar wanki ba. Sukan fara tona wuri mai faɗi inda ruwan zai rage gudu, tsakuwa da babban yashi su zauna, sannan sauran ya wuce siririyar hanya. Farantin Henrik ba shi da wannan. An zana shi don kogin da ba shi da laka.

Na ɗauki takarda na zana: fili mai faɗi a gaban magudanar, da jerin ƙananan ginshiƙai da za su tare babban yashi su bar ƙanana su wuce. Sirinjin kuma a tsayar da shi, a sa ɗan ƙarfe mai juyawa a ciki don kada ƙwayoyi masu nauyi su kwanta kafin a tura su. Ranar na dafa gwate da tsakin masara da alayyafon da na samu a shagon wani Baturke. Na ajiye wa Mama Ilse kwano, na ajiye takardar kusa da shi. Ta ci cokali biyu, ta sha ruwa saboda barkono, ta sa tabarau.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Kakata."

"Injiniya ce?"

"E," na ce.

Ta daɗe tana kallon zanen. Sai ta ce a ɗakin ƙasa akwai tsohuwar na'ura da aka daina amfani da ita, kyamararta ta tsufa amma tana gani. "Waccan aka hana ki," ta ce. "Wannan ba wanda ya yi maganarta."

Na tare Farfesa a baranda yana sauri da jaka, na nemi izini. Bai ko tsaya ba ya ce in yi abin da na ga dama. Na koma na rubuta masa saƙo don ya amsa a rubuce, ya amsa da kalma ɗaya. Na adana.

Daga nan kowace Asabar da kowane hutun cin abincin rana muna ɗakin ƙasa. Mama Ilse ta zuba roba a kan zubi, ta gasa, ta ɓare, ta manna a gilashi, ni in sa ruwa. Na farko ya yi yoyo. Na biyu ginshiƙan sun yi kusa da juna, komai ya maƙale. Na biyar ya yi minti uku ya toshe. Kowane gwaji yana cin ruwa, ruwan kuma ba a sayar da shi a kanti. Kwalba ta uku ta ƙare, ta huɗu ta ƙare. Da na goma sha ɗaya ya fashe, Mama Ilse ta cire safar hannu ta jefar ta ce wata kalma da ba ta cikin littafin koyon Jamusanci. Na ce mata mu sake. Ta ce ta gaji. Na ce ni ma na gaji, mu sake.

Na goma sha biyu ya yi aiki.

Na zauna gaban allon kamar an dasa ni. Ga gansakuka masu siffar tauraro, ga wasu kamar tsani. Ga zaren leda, shuɗi da baƙi, a murɗe. Sannan ga wasu ƙwayoyi masu kusurwa, baƙaƙe a tsakiya, gefensu ja kamar ruwan shayi in haske ya ratsa. Ban buƙaci kwamfuta ta gaya mini ba. Na ga irinsu a gindin ƙwaryar Ngo tun ban iya karatu ba.

"Kuza," na ce.

Mama Ilse ta maimaita, "Kuza," ta kama kafaɗata ta girgiza.

Dokar cibiyar ita ce duk hoton da aka ɗauka a ajiye shi a rumbun kwamfuta na kowa da kowa. Na bi doka. Na kuma nuna wa Henrik zanen farantin, don shi ne shugabana. Ya duba ya ce ba laifi, ya mayar mini.

Da sanyi ya fara ja da baya, aka ce baƙi za su zo, mutanen da ke ɗaukar nauyin cibiyar. Aka cika zaure. Henrik ya hau ya fara bayani, ni ina zaune a baya kusa da Mama Ilse. Can sai ga farantina a babban allo, an sake zana shi da launuka masu kyau, ginshiƙaina a jere. Ya ce wannan sabon tsari ne da ya ƙirƙiro don ruwa mai laka. Kafin in haɗiye wannan, sai ga hotuna. Ƙwayoyina ne, baƙaƙe masu jan gefe. A samansu an rubuta: ƙurar taya daga kogin gari.

Mama Ilse ta ɗora hannu a gwiwata ta ce a hankali, "Ba yanzu ba."

Ta yi gaskiya. Takardar sabunta zamana tana kan teburin Henrik a makon nan, in bai sa hannu ba bizata ta ƙare da bazara. Na san haka sarai. Da ya gama aka yi tafi, aka ce ko akwai tambaya, sai na ga na miƙe.

"Dokta Henrik, a ina aka ɗebo ruwan da waɗannan ƙwayoyi suka fito?"

Ya yi murmushi ya ce a ƙarƙashin gadar tsakiyar gari.

"Ba daga nan suka fito ba. Daga Naraguta suke, a Jos, cikin kwalbata. Kuma ba taya ba ce, kuza ce. Farantin nan ni na zana shi, wannan matar ta zuba shi sau goma sha biyu."

Farfesa ya miƙe da sauri ya ce wannan magana ce ta cikin gida, za a tattauna daga baya.

Na ce, "Farfesa, a gaban mutane aka faɗa. A gaban mutane za a gyara."

Wata tsohuwa cikin baƙin ta juyo ta dube ni ta saman tabarau, ta ce kwamfuta ta ce taya, ni na ce kuza, ta yaya za a san mai gaskiya? Na ce ni na koya wa kwamfutar nan aiki wata biyar. Abin da ta sani shi ne duk baƙin abu taya ne, domin ba a taɓa nuna mata kuza ba. Na ce a hawa na biyu akwai na'urar da ke faɗin sinadarin da ke cikin abu. Saura rabin kwalba gare ni. A gwada nawa, a gwada na kogin. In ba a sami kuza a nawa ba, gobe in haɗa kayana.

Sai na ji kujera ta yi ƙara kusa da ni. Mama Ilse ce, wadda ta shekara talatin a cibiyar ba a taɓa jin muryarta a taro ba.

"Ku ba ni awa ɗaya," ta ce. "Ku je ku sha kofi."

Ban sha kofi ba. Na tsaya a baranda ni kaɗai, mutane suna wucewa ta gefena kamar akwai rami a inda nake. Tsoro ya zo mini a lokacin, ba a zaure ba. Na ce a raina, in fa na yi kuskure? In fa idona ne ya ga abin da yake so? Na yi addu'a gajeriya.

Mama Ilse ta dawo da takardu biyu ta ajiye gaban tsohuwar. A ruwana ga kuza ɓaro-ɓaro. A na kogin babu ko alama. Ta kuma buɗe rumbun kwamfuta ta nuna lambobin hotunan da aka haska: duka ranar Asabar aka ɗauke su, da tsohuwar na'urar ɗakin ƙasa, wadda Henrik bai taɓa kunnawa ba.

Henrik ya yi ja har wuya. Ya ce kuskure ne, kwamfuta ce ta kwaso hotuna daga inda bai kamata ba ta haɗa da nasa. Wataƙila gaskiya ne, har yau ban sani ba. Na ce, "To farantin fa? Shi ma kwamfuta ce ta zana?" Ya shiga tattara takardunsa.

Washegari Farfesa ya kira ni ofis. Bai ce in zauna ba, na zauna. Ya ce na kunyata cibiya gaban masu ciyar da ita, a nan ba haka ake yi ba.

Na ce, "A wurinmu ma ba haka ake yi ba, Farfesa. Yarinya ba ta miƙewa gaban baƙi ta ƙaryata na gaba da ita. In uwata ta ji, sai ta fara yi mini faɗa kafin ta tambayi dalili. Na san abin da na yi."

Ya ce za a rubuta takardar bincike a kan farantin, sunan Henrik a farko tun da shi ne babba, nawa na biyu, a rufe magana. Na ce a'a. Ya ce in yi tunani. Na ce wata biyar na yi ina tunani gaban hotunan taya. Na fito da saƙonsa mai kalma ɗaya da takardar zanen da maiƙon gwate ya taɓa a gefe, na ajiye a teburinsa. Daga baya ya aika aka ɗauko takardar sabunta zamana, ya sa hannu da kansa, ya ce daga yau a ƙarƙashinsa nake.

Kada in yi muku ƙarya in ce komai ya yi daɗi. Ba a kori Henrik ba, ba a ko rage masa matsayi ba. Kusan shekara guda in na shiga ɗakin cin abinci sai hira ta mutu. Aka daina gayyata ta ko'ina. Na ji ana cewa ina da wuyar sha'ani. Na ci abincina ni kaɗai, na kuma ci da kyau. Da takardar ta fito, sunana ne a farko, na Mama Ilse na biyu, don na ce ba zan sa hannu ba sai da shi. Na buga na kai mata gida. Ta karanta sunanta, ta naɗe takardar, ta fita lambu ta daɗe tana cire ciyawar da babu ita.

Sauran shekarun na yi su a kan aikin da ya kawo ni, ana aiko mini da sabon ruwa daga Naraguta. Abin da na gano ba abin tashin hankali ba ne, ba kuma abin kwanciyar hankali ba. Ƙurar kuza ta fi yawa in bakin tiyon injin ban ruwa ya taɓa gindin kududdufi ya tayar da laka. Zaren leda ya fi yawa a gefen da ake zubar da shara. Abin da ya narke cikin ruwa kuwa kyamara ba ta ganinsa, wannan sai wani gwajin dabam, kuma haka nake gaya wa duk manomin da ya tambaye ni. Ba na ce wa kowa ruwansa lafiya lau, ba na ce masa guba ne. Ina cewa ya ɗaga tiyo daga ƙasa, ya bar ruwa ya kwanta kafin ya ba shuka, ya kuma bar ni in ci gaba da dubawa.

Da na gama, Farfesa ya ce in ƙara shekara biyu. Na gode masa na ce ana jirana. Cibiyar ta riga ta yanke za a zubar da tsohuwar na'urar ɗakin ƙasa, Mama Ilse ta bi ofis-ofis har aka rubuta an ba ni madubin da kyamarar kyauta. Ta haɗa mini da zubin farantinmu cikin akwatin takalmi. A tashar jirgi ba ta yi kuka ba. Ta gyara mini wuyan riga ta ce in rage barkono, zai kashe ni.

Abu ɗaya ban samu ba, shi ne injin da ke tura sirinji, don nasu ya mutu murus. In ba shi kuwa, sauran kayan duk ado ne. Da na dawo Jos na koma tsohon wurin aikina, na yi wata biyu ina rubuta takardun neman a sayo, ana ce mini a jira. Ran nan na gaji, na sa sirinji a jaka na nufi Dilimi, layin masu gyare-gyare. Aka nuna mini rumfar Malam Sabo, wani dattijo mai gyaran injin buga takardu da duk abin da ke da waya a ciki. Na ce masa ina son abin da zai tura wannan sirinji a hankali, a hankali ƙwarai, yadda ɗigo ɗaya zai ɗauki minti, kuma kada ya yi tsalle.

Ya juya sirinjin a hannunsa. "Hajiya, na asibiti ne?"

"Ba Hajiya ba ce, Malam, Kaneng. Na duba ruwa ne."

"To, Malama Kaneng, ki dawo jibi."

Sai da na dawo sau huɗu. Ya ciro ɗan moto daga mataccen injin buga takardu, ya haɗa shi da doguwar ƙusa mai zare da guntun katako, ya sa masa batirin babur saboda wutarmu ba ta da alƙawari. Na farko ya yi gudu kamar an biyo shi. Na biyu yana tafiya yana tari. A na huɗu ya ce shi fa ba zai ba ni ba sai ya ga abin da ake yi da shi. Ya rufe rumfa, ya rungumo injinsa, muka hau keke zuwa ɗakin gwajina.

Na jera madubi da kyamara, na manna faranti, na ja ruwan da na ɗebo da safe cikin sirinji. Malam Sabo ya gyara hula ya sunkuya yana leƙen magudanar da bai iya gani ba, ya dubi kyamarar Jamus, ya dubi katakonsa da ƙusarsa.

"Tsakani da Allah, Malama," ya ce, "su masu abin sun yarda a yi irin wannan a nan?"

"Ban tambaye su ba, Malam. Danna."

Ya yi bismilla ya danna. Ƙusar ta fara juyawa, a hankali, ba tsalle.